Gidajen Zamanin Masaƙu Sun Tsufa: Ina Kuɗin Gyara?

Yau maganata ta fi shafar ku da ke zaune a ƙetaren kogin Kaduna, watau su Kakuri, da Makera, da Nasarawa, da Barnawa, ko da yake na san matan wasu garuruwa ma za su ga gidajensu a cikinta.

Ki ɗaga kai ki dubi rufin ɗakinki. Shekararsa nawa? Yawancin gidajen tsakiyar waɗannan unguwanni albashin masaƙa ne ya gina su. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Bayanta su UNTL da Arewa Textiles suka biyo, sa'an nan a 1975 Peugeot ya fara harhaɗa motoci. Ma'aikaci ya sami fili, ya yi ɗaki biyu, baɗi ya ƙara uku ya zuba 'yan haya. In kwano ya yi yoyo, ƙarshen wata a kira kafinta. To, masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, sauran masaƙun kuma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Albashin da ya gina gidajen ya tafi, gidajen kuwa suna nan, waɗansu sun ba shekara 50 baya, waɗansu sun haura 60.

Ga shi kuma kayan gyara sun yi tashin gwauron zabo. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kome da mota ke ɗaukowa ya ƙara kuɗi. Buhun siminti da ba ya kai naira 5,000 a farkon 2023 sai da ya wuce 10,000 a wurare da yawa cikin Fabrairun 2024, har Gwamnatin Tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote, da BUA, da Lafarge, aka ce a sayar tsakanin 7,000 da 8,000. A shekarar nan Jihar Kaduna ta amince da naira 72,000 mafi ƙanƙancin albashi. Yi lissafi da kanki: ko a farashin da aka yi alkawari, albashin wata guda buhu tara ko goma ke nan, ba yashi, ba ladan birkila, ba a kuwa ci abinci ba.

Don haka ba na ganin laifin wanda ya ce gyara ya jira. Sai dai tsohon gida ba ya jira. Ƙusa ɗaya ta saki a kwano, ruwa ya riƙa ɗiga kan katako. Damina ɗaya katakon ya jiƙe, ta biyu gara ta same shi da taushi, ta uku silin ya rufto. Aikin da kwalta da ƙusa kaɗan za su gama da hantsi ya koma sayen katako, da bandir ɗin kwano, da silin, wani lokaci har da kuɗin asibiti. Ruwan Kaduna kuwa kun san shi, daga Mayu zuwa Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba, ga iskar farkon damina mai yaye rufi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda ɗan kuɗin ke zuwa in ya samu. Biki ya matso, ko Kirsimeti, ko Salla, sai a sayi fenti a shafe bangon gaba. A bayan ɗakin kuwa ruwan wanke-wanke ya kwanta a gindin bango shekara biyar. In kin ga filasta tana kumbura tana zuba daga ƙasa, da wani farin gishiri-gishiri a jikinta, to, laima ce ke hawa daga tushe, fenti ba zai yi mata kome ba. Maganinta a janye ruwa daga jikin gini: a yashe kwata, a gyara daɓen gindin bango ya zama yana gangarar da ruwa waje, a duba ko sokawe ta fashe. A tsohon gida, duk abin da ya shafi ruwa shi ne farko, na sama da na ƙasa. Bayansa wayar lantarki, don wayoyin da aka ja saboda ƙwai biyu da rediyo yau an ɗora musu firji da dutsen guga da abin dafa ruwa. In soket yana zafi ko yana warin ƙuna, a kashe, a kira mai gyaran wuta ran nan. Ado shi ne na ƙarshe.

Tsagewar bango ma iri-iri ce. Siririya kamar gashi yawanci ta filasta ce. Amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ki sa mata alama da fensir a ƙarshenta, ki rubuta kwanan wata. In bayan wata biyu ta wuce alamar, ko ƙofa ta fara cijewa, ƙasa ce ke motsi, a nemo wanda ya san gini, kada a toshe da siminti a ce an gama. Masu zama kusa da kogi su fi kowa lura da wannan. Ambaliyar Satumban 2003 ta shiga gidaje masu yawa a bakin kogin Kaduna, an kuma sake gani a shekarun baya-bayan nan, bangon da ya taɓa tsayawa cikin ruwa kuwa ba ya komawa yadda yake. Wani abu kuma: silin ɗin gidajen da da yawa na asbestos ne. In yana zaune lafiya a bar shi, in za a cire a jiƙa shi, kada a farfasa, kada yara su yi wasa da gutsattsarinsa, ƙurarsa tana lahanta huhu.

To, ina kuɗin za su fito? Mu mata mun iya adashi, mun iya asusu. Muna yi don kayan ɗaki, da anko, da kuɗin makaranta. Ban taɓa jin an ce ga adashin rufi ba. Daga Nuwamba zuwa Afrilu mako 26 ne. Wadda ta ajiye naira 2,000 kowane mako za ta tarar da 52,000 kafin hadarin farko. Ba zai sake rufin gida ba, amma zai ɗaure wanda ke akwai, ya canja kwanon da tsatsa ta cinye. Kuma da yake naira ba ta riƙe daraja, ya fi kyau a riƙa mai da kuɗin kaya: kwano falle biyu yau, ƙusa gobe. Ban da siminti, shi ba ya ajiyuwa, in ya sha laima ya zama dutse, a saye shi makon da za a yi aiki. Rani ne lokacin gyara. Katako ya bushe, ana ganin huda in an shiga ɗaki da tsakar rana an dubi sama, kafinta kuma ba a rububinsa kamar washegarin iska.

Inda abin ya fi wuya shi ne gidan da ba shi da mai shi guda. Tsohon ma'aikaci ya rasu ya bar 'ya'ya takwas, kowa yana zuwa karɓar rabonsa na kuɗin haya, ba wanda ke zuwa in masai ya cika. Haka gidajen da masu su suka ƙaura zuwa ɗaya gefen kogin bayan rikicin 2000, suka bar wakili yana karɓa. Sau da yawa gwauruwa ce ko babbar 'ya ke zaune a ciki, ita ke tara bokiti cikin dare. In ke ce, 'yar'uwa, ki nemi a zauna kafin a raba kuɗin hayar bana, a fitar da na ɗaki ɗaya, ko kashi ɗaya cikin goma, a ce wannan na gida ne, a rubuta a littafi, mutum biyu su sa hannu. Za a yi gunaguni, don kowa yana da buƙata. Ki kai su bayan ɗaki su gani da idonsu.

In kuwa haya kike yi, kada ki taɓa gyara da kuɗinki sai kun yi magana da mai gidan a gaban shaida, an rubuta cewa za a cire daga kuɗin haya, ki kuma adana rasit. Maigidanki ma kada ki bari ya yi jinga da baki kawai. A sa magini ya rubuta kayan aiki dabam, ladansa dabam, ku je kasuwa ku tambayi farashi da kanku, a biya shi kashi-kashi gwargwadon aikin da ya yi. Na ƙarshen kuwa a riƙe shi sai an watsa ruwa a rufin an shiga ɗaki an duba.