FILIN MA'AIKATA: Idan An Sallame Ka Daga Aiki

A wannan wata za mu tattauna a kan matsalar da ta addabi gidaje da yawa a zangunanmu, daga Nima zuwa Ashaiman har Aboabo, wato rasa aiki.

Kwanan baya wani dattijo ya zo mana da takarda a hannu. Shekara goma sha ɗaya yana gadi a wani kamfani, ran nan aka kira shi ofis, aka ce an rage ma'aikata. Aka miƙa masa ambulan mai albashin wata ɗaya, aka ce ya dangwala hannu. Sai da ɗansa ya karanta masa ya gane ashe ya yarda ne cewa ba ya bin kamfanin ko sisi. Alhaji ya yi ta salati, amma aikin gama ya gama.

Da farko mu sani, a nan Gana gwamnati ba ta biyan marasa aiki kuɗin wata-wata kamar yadda ake yi a Ingila ko Jamus. Abin da ma'aikaci zai dogara da shi biyu ne: haƙƙinsa a wurin wanda ya ɗauke shi aiki, da kuma ajiyarsa a SSNIT.

Dokar Ƙwadago ta 2003, wato doka ta 651, ta ce wanda yarjejeniyar aikinsa ta kai shekara 3 sai an ba shi notis na wata ɗaya ko albashin wata ɗaya. In ba ta kai ba, mako biyu ne. Idan kuwa rage ma'aikata za a yi, dole kamfani ya sanar da Babban Jami'in Ƙwadago da ƙungiyar ma'aikata a rubuce, wata uku kafin lokacin. Sannan akwai kuɗin sallama, kuma daban yake da kuɗin notis. Doka ba ta yanke adadinsa ba, ciniki ake yi tsakanin kamfani da ma'aikaci ko ƙungiyarsa. Saboda haka kada ka ji nauyin cewa, "Ranka ya daɗe, a ba ni takardar in je a duba mini." Wanda ke gwajin aiki da ɗan aikin yini ba su da wannan kuɗi. Amma ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata 6 a jere a wuri ɗaya, doka ta ɗauke shi ma'aikacin dindindin.

Sai batun albashin da ake rubutawa a SSNIT. A dokar fansho ta 2008, ana cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashinka, mai aiki ya ƙara kashi 13. Wasu masu kamfani kan rubuta albashin da bai kai na gaskiya ba, wasu ma'aikata kuma har murna suke yi don an rage abin da ake cire musu. Jama'a, wannan cin tuwon gobe ne tun yau. Ana lissafa fansho ne da matsakaicin albashin shekaru ukun da ka fi samu. Wanda ya zuba wata 180, wato shekara 15, zai karɓi kashi 37.5 na wannan albashi idan ya cika shekara 60. Misali, albashinka sidi 2,000 ne amma aka rubuta 1,000. Fanshonka zai zama sidi 375 a wata maimakon 750, kuma a kan wannan ƙaramin tushe za ka zauna har ƙarshen rayuwa.

Don haka ka ɗauki katinka na ɗan ƙasa ka je ofishin SSNIT, ka nemi takardar bayanin kuɗinka, ka gwada ta da takardun albashinka. In ka ga watannin da ba a zuba ba, ka kai ƙara nan take. Wanda ya koma tireda ko tuƙi bayan sallama yana iya ci gaba da zubawa da kansa, kashi 13.5 na abin da ya bayyana yana samu. A nan ma a faɗi gaskiya, domin abin da ka shuka shi za ka girba.

To, idan ba a daidaita ba fa? A fara da ƙungiyar ma'aikata ko ofishin ƙwadago na yankinku. In abin ya faskara, a rubuta koke zuwa Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, a haɗa da takardar ɗaukar aiki da ta sallama da takardun albashi. Idan ta tabbatar an kore ka ba bisa ƙa'ida ba, tana da ikon ta sa a mayar da kai aiki ko a biya ka diyya. A kan rigimar kuɗin sallama kuwa, doka ta ce hukuncinta shi ne na ƙarshe, don haka a je da shiri. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi hukumar gwamnati da ke ba talakawa lauya kyauta. Kada a yi jinkiri, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Mun san haƙuri halinmu ne, amma neman haƙƙi ba rashin tawakkali ba ne. Muna roƙon limamai da sarakunan zango su tunatar da jama'a, matasan da suka yi boko kuma su riƙa karanta wa iyayensu takarda kafin su sa hannu.

Allah ya buɗa wa masu nema, ya sa mu dace. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.