Waiwaye: Ranar da Editocin Lingua Suka Fice

A watan Oktoba na 2015, editoci shida na Lingua, tsohuwar mujallar nazarin harsuna, suka ajiye aiki baki ɗaya, 'yan kwamitin mujallar su 31 suka bi bayansu. Rigimarsu da kamfanin Elsevier, mai buga mujallar, a kan kuɗi ce. A lokacin kuwa kamfanin na iya rantsuwa cewa ƙofar mujallar ba a rufe take ba.

Ga yadda tsarin yake a lokacin. Ɗakunan karatu na jami'o'i su biya kuɗin shekara don malamansu su samu karantawa. Marubucin da ke son kowa ya ga maƙalarsa kyauta kuma sai ya biya dala 1,800, a liƙa mata tambarin "a buɗe". Sauran maƙalun da ke gefenta a fitowa ɗaya suna nan a kulle. Cin tudu biyu ke nan, alhali masu binciken da masu duba ingancinsa ba a ba su ko sisi. Editocin, ƙarƙashin Johan Rooryck, suka nemi a buɗe mujallar duka, a sauko da kuɗin zuwa yuro 400. Kamfanin ya ƙi.

Ba haka aka yi fata ba a 2002, lokacin da sanarwar Budapest ta nemi sakamakon bincike ya zama na kowa a intanet, a karanta, a kwafa, a raba. Kamfanoni sun karɓi kirarin hannu bibbiyu, suka ɗauke shingen daga gaban mai karatu suka kafa shi gaban marubuci. Zuwa 2021 mujallar Nature na karɓar yuro 9,500 kan maƙala ɗaya. Akwai rangwame ga wasu ƙasashe matalauta, amma malamin da jami'arsa ba ta ware kuɗin bincike ba, da me zai biya ragowar? A ganina tambarin da bai faɗi wanda ya biya da wanda ya mallaki rubutun ba, talla ce kawai.

Waɗanda suka fice sun kafa mujallar Glossa a 2016, wadda gamayyar ɗakunan karatu ke tallafa wa, ba a kuma hana marubuci shiga don ba shi da kuɗi. Sunan Lingua da tsofaffin maƙalunta suka tsaya a hannun Elsevier, wanda ya naɗa sababbin editoci ya ci gaba da bugawa.