Dawakin mota: na takarda daban, na taya daban

Ƴan uwa manoma, bayan kaka ƙungiyoyi da yawa sukan zauna shawarar sayen a-kori-kura, don kai albasa, wake da gero kasuwa, don kuma kai mace mai naƙuda asibiti in dare ya yi. Shawara ce mai kyau. Amma akwai maganar da dillali ke ruɗa mai saye da ita: «Wannan mota dawaki ɗari ce.» A ganina, wannan adadi kaɗai bai isa ya sa a kwance bakin jaka ba.

Mu fara da asalin dokin. A ƙarni na 18, wani mutumin Sikotland mai suna James Watt yana ƙera injuna masu aiki da tururi. Masu saye sun saba da dawaki, sai ya riƙa kwatanta musu ƙarfin injinsa da na doki. A ma'aunin da Faransa ke aiki da shi, doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 sama, tsawon mita ɗaya, cikin daƙiƙa ɗaya.

To, adadin da kamfani ke faɗi, a jikin inji aka auna shi, yana sabo, kafin a ɗaura shi cikin mota. Daga inji zuwa taya kuwa akwai tafiya. Ƙarfin zai bi ta akwatin giya, ya bi dogon ƙarfen da ke juyawa a ƙarƙashin mota, ya shiga haƙoran da ke raba shi ga tayoyin baya. Kowane wuri ana gogayya, kowace gogayya tana cin rabonta. Kamar ruwan garka ne: abin da aka ja daga rijiya ba shi ke isa gindin albasa duka ba, hanya tana shan nata. Cikin dawaki 100, kusan 85 ke kaiwa taya. Motar da ke ja da taya huɗu takan rasa fiye da haka, ko da yake ita ce rairayi ba ya kayarwa da sauƙi.

Wannan ga sabuwar mota ke nan. Mu kuwa tsofaffi muke saye, waɗanda suka gama aiki a wata ƙasa. Inji yana shan iska kamar mutum. Idan ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, ƙarfi ya ragu. Iskar bazara mai zafi ma tana rage shi. Dillali ba zai gaya maka wannan ba.

Akwai kuma wani ruɗu. A takardar mota za ka ga an rubuta dawaki 9 ko 11. Waɗannan ba na ja ba ne, na haraji ne: da su hukuma ke lissafin abin da za ka biya kowace shekara. Tsohuwar Peugeot 504 mai shan gazuwal, injinta yana ba da dawaki kusan 70. Toyota Land Cruiser mai inji lita 4,2 tana ba da kusan 130. Ba za ka ga waɗannan adadi a wurin harajin ba.

Wani zai ce: ai mai dawaki da yawa ta fi gudu. Gaskiya ne, bisa kwalta, tsakanin Maraɗi da Damagaram. Amma mai fito da buhuna daga ƙauyukan Dakwaro ko Tanut ba gudu yake nema ba. Yana neman motar da za ta ja kaya a hankali cikin rairayi, inji bai yi kuka ba, bai yi zafi ba. A nan injin gazuwal mai ƙaramar giya ya fi amfani, ko da dawakinsa kaɗan ne.

Saboda haka, kafin ƙungiya ta biya, ta je da makaniken da ta yarda da shi, ba na mai sayarwa ba. A loda buhuna daidai nauyin da aka rubuta a takardar motar, kada a wuce. A bar kwalta, a shiga hanyar ƙauye, a hau tudu da rana tsaka. A duba launin hayaƙi, a duba allurar zafin inji, a saurari giya in an sauya ta. In mai mota ya ƙi yarda da wannan gwaji, a mayar da kuɗin cikin asusu, a nemi wata.