Rawar samarinmu: hani kaɗai ba tarbiyya ba ne

Iyaye da ƴan'uwana malamai, akwai maganar da muke yi ƙasa-ƙasa a ɗakin malamai, lokaci ya yi da za mu fito da ita fili. Samarinmu, daga cikin garin Tawa har Keita da Abalak, sun kamu da rawar hip-hop. Suna kallonta a TikTok, suna kwaikwayonta a fada da dare. Mu kuwa amsarmu ɗaya ce: iskanci ne, a bari. Shekara da shekaru ina koyarwa, ban ga yaron da wannan hani ya raba da rawa ba. Abin da na gani shi ne yaran da suka koma yin ta inda idonmu ba ya kai.

Mu dubi rayuwar Mourad Merzouki. An haife shi a 1973 a Liyon ta Faransa, iyayensa ƴan ci-rani ne daga Aljeriya. Yana ɗan shekara 7 ya fara koyon dambe da wasannin lanƙwasa jiki a hannun malamai, hip-hop kuwa sai da ya kai 15 ya gamu da ita. A 1989 suka kafa ƙungiyar Accrorap tare da abokansa, cikinsu har da Kader Attou. A 1996 ya kafa tasa, Käfig, wato keji. A 2009 aka danƙa masa shugabancin cibiyar tsara rawa ta ƙasa da ke Créteil, kusa da Paris. A wasansa Boxe Boxe na 2010 ya haɗa damben yarintarsa da rawa da kiɗan goge irin na Turawa.

Ku lissafa da kanku: shekara 20 tsakanin ƙungiyar farko da wannan kujera. Mai tsara rawa yana ƙirga bugun kiɗa, yana horar da mutane kullum, yana neman kuɗi, yana biyan albashi. Wannan sana'a ce mai son haƙuri da karatu, kuma Merzouki ya fara ta ne a gaban manya masu sa ido. A 2024 har a gasar Olamfik ta Paris an ba da zinariya a rawar breaking.

Mu Adarawa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Kokowa daga dandalin ƙauye ta fito, wasan bayan girbi. A nan Tawa aka yi gasar ƙasa ta farko a 1975, yau ga takobi, ga alƙalai, ga fili na musamman. Tsari ne ya ɗaukaka ta.

Damuwar iyaye tana da tushe. Wasu waƙoƙin cike suke da batsa, akwai cakuɗar maza da mata, akwai yaron da rawa ke cinye masa lokacin bita. Kuma Tawa ba Paris ba ce, kaɗan ne za su ci abinci da rawa. Amma mu auna ɗaya gefen. Yaron da ya ji lakwal ba ta da wuri ga abin da ya iya, shi ne ke fara ajiye jaka ya tafi biɗa Abijan ko Libiya tun bai rubuta birbe ba. Yankinmu ya san zafin wannan tafiya fiye da kowa.

Shawarata ita ce kowace kwaleji ta buɗe ƙungiyar rawa a hannun mushen motsa jiki, sau biyu a mako bayan la'asar. Wanda makinsa ya gaza 10 bisa 20 ya dakata sai ya gyara. Malami ne zai tantance waƙa, maza daban, shiga ta mutunci. A gayyato masu kalangu da gangar kokowa, yara su ɗora sabon taku a kan kiɗan gida.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma iyaye, ranar da ɗanku zai taka a filin lakwal, ku zo ku zauna a gaba, sannan ku tambaye shi takardar makinsa.