Lambobin Sojan Laima da Tarihin ’Yan Mazan Jiya

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da suka duƙufa wajen tara lambobin ƙyalle da sojojin laima suka ɗinka a kafaɗa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗanda aka fi nema sun haɗa da doki mai fukafukai na sojojin Ingila da suka dira a Arnhem cikin 1944, da kan mikiya na Runduna ta 101 ta Amurka. Da tsadarsu ta ƙaru sai jabu ya cika kasuwa, har ta kai masu saye suna bincikar zare da bayan ɗinki kafin su biya.

Wannan al’amari ya shafi Nijeriya. ’Yan mazan jiya na Runduna ta 81 da suka yi yaƙin Bama sun ɗaura lambar baƙin gizo-gizo a kan rawaya, ta 82 kuwa masu biyu ne gicciye a kan gammo. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ma jiragen sama ne suka sauke su a bayan dagar Japan a 1944.

Abin baƙin ciki, yawancin masu lambobin sun rasu, kayan kuma suna ƙasan akwati, asu na ci. Ya kamata Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia da Gidan Makama na Kano su nemi iyalansu, su karɓi lambobin, su rubuta sunan kowane soja da bataliyarsa tun kafin dillalai su riga su.