Garin da Aka Zana Daga Kan Soro

A shekarar 1943, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa ake rabon man fetur da awo a Amurka, mai zane Edward Hopper ya ajiye motarsa, ya hau jirgin ƙasa shi da matarsa Jo suka nufi Meksiko. Babban birnin bai yi masa ba, sai ya yada zango a Saltillo, hedkwatar jihar Coahuila. Ya sake komawa a 1946. A duk zuwan nan biyu, kan rufin masaukinsa yake hawa ya yi zane da fentin ruwa: soraye, da hasumiyar coci, da allon gidan silima na Palacio, da duwatsu can baya. To, ina mutanen Saltillo? Babu su.

Ba mu musa gwanintar Hopper ba. Hannunsa ya san haske da inuwa. Abin da muka ƙi amincewa da shi shi ne a miƙo mana waɗannan zane-zane a ce ga Meksiko. Tubali ne gari? Ashe masaƙan bargon sarape da garin ya yi suna da su ba su isa shiga hoto ba? Tun 1942 'yan Meksiko ke tsallaka iyaka suna ƙodago a gonakin Amurka bisa yarjejeniyar Bracero. A kudancin garin nan ne kuma, a Buena Vista, sojojin Amurka suka gwabza da na Meksiko a 1847. Ko ƙanshin wannan tarihi babu a kan takardar baƙon.

Masu kare shi za su ce ai haka salonsa yake, domin ko titin New York da ya zana a 1930, "Early Sunday Morning", babu mahaluƙi a cikinsa. Gaskiya ne, amma akwai bambanci. Ba'amurken da ya kalli wancan titi ya san masu shagunan, zuciyarsa za ta cike giɓin. Da ya kalli Saltillo kuwa, da me zai cike? Sai ya ɗauka garin kufai ne mai kyawun gani. Mu dubi Diego Rivera, ɗan ƙasa, da ya zana dandalin Alameda na birnin Meksiko a bango a 1947: ya cika shi maƙil da masu mulki da 'yan talla da talakawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba wanda ya hau rufin shan iska ba.

Saboda haka, ya ku ɗalibai masu aiko wa wannan mujalla labarai da waƙoƙi, gargaɗinmu ɗaya ne. Duk garin da za ku siffanta, naku ko na wasu, ku sauko daga soro, ku shiga kasuwa, ku gaisa da mutane. Wanda bai sauko ba, kaɗaicinsa kawai zai zana, sa'annan ya laƙaba masa sunan garin wasu.