Filin Uwargida: Miya Ba Nama, Gida Ba Rigima

Yau hirar tamu daga ƙasar Gobir ta fito.

Akwai wata ƙanwata da aka kai aure garin Isa. Wata huɗu da tarewa sai ga ta gida Sabon Birni tana kuka, wai ta yi yaji. Kun san dalili? Cefane. Mijin ɗan tireda ne, ga 'yan uwansa biyar da 'yan bindiga suka koro daga ƙauye sun sauka gidan. Baki bakwai ke nan. Ita kuwa a littattafanmu ta saba ganin amarya kullum cikin suyar kaji, sai ta shiga cin bashin nama a ɓoye don kada a ce ba ta iya miya ba. Ranar da mai bashi ya yi sallama a ƙofar gida, ranar asiri ya tonu.

Wallahi jikina ya yi sanyi, don ni ma ina cikin masu rubuta kajin nan. Alhali kowa ya san halin da yankinmu ya shiga. Gonaki da yawa sun gagara nomawa, aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma rufe iyakar Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024. Hatsi ya yi tashin gwauron zabi.

Kakarmu ta dube ta, ta ce, "Ke ɗiya, wa yac ce maki nama ne miya? Taso mu je murhu." Ga abin da ta koya mata, miyar wake da sure, wato yakuwa.

Uwargida ki samu wake gwangwani 2, ki jiƙa, ki surfa, ki wanke ɓawon tas. Ki ɗora da ruwa da 'yar kanwa kaɗan har ya fashe, sai ki burge shi da maburgi. Ki daka daddawa, barkono, albasa da citta ki zuba, da gishiri da man gyaɗa cokali 3. Suren ki tafasa shi daban ki tsiyaye ruwan don tsamin ya ragu, sannan ki haɗa. Daga ƙarshe ki barbaɗa dakakken ƙuli-ƙuli, ki rage wuta, minti 10 ki sauke. Da tuwon gero, wallahi sai an nemi ƙari. Wake da gyaɗa suna gina jiki kamar yadda nama ke yi, yara ba za su rame ba. Abin da ya kwana kuma ɗumame ne, kin huta da neman karin kumallo.

Sai dabarar tanadi. Da kaka, lokacin da wake ke araha, ki lallaɓa maigida ya saya. Ki shanya ya bushe ƙarau, ki cika busasshiyar jarka har baki, ki toshe gam. Rashin iska zai kashe ƙwarin, kada ki kuskura ki zuba maganin ƙwari cikin abin da iyalinki za su ci. Zogale, rama da sure kuwa tun da damina ki shanya su a inuwa, rana tana ƙone amfaninsu.

Ƙanwata dai ta koma ɗakinta, mijin ya biya bashin da kaɗan-kaɗan. Sharaɗi ɗaya kakarmu ta kafa musu: ya riƙa faɗa mata gaskiyar aljihunsa, ita ma ta faɗa masa iyakar abin da kuɗin zai saya.

Ku 'yan makaranta, in an yi hutu ku ajiye littafin nan, ku zauna kusa da Inna a murhu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.